Shokzoba Ruwan Ɗorawa

Mai Kujeru ta tsaya a gindin motar da jaka a hammata, tana neman inda za ta sa ƙafa. A-kori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, da guminta ta saye ta don jan tirelar kujeru da rumfunan da take bayarwa haya, sana'ar da ta sa duk unguwa ba a kiranta da wani suna sai wannan. Lokacin da ta saye ta mota ce irin ta kowa, ka buɗe ƙofa ka zauna. Yanzu kuwa sai mace ta tattare zani, ta damƙi marfin ƙofa, ta yi bismillah ta yi tsalle, maƙwabta na kallo.

"Kamo hannuna, kamo," in ji mijinta daga can sama, ya kwanto ta kan kujerar mai zaman banza yana miƙo mata hannu.

"Na ga abin kamawa, Baban Auta. Matsa min."

Ta hau da kyar tana haki, ta ja ƙofa ta rufe da ƙarfin da ya fi wanda ƙofar ke buƙata. Shi ko a jikinsa. Ya gyara madubi ya duba gemunsa, ya sa baƙin gilashi, ya tayar da mota. Ya sha sabuwar riga har da turare, wai shi za a je kasuwar kayan mota sayen shokzoba, ƙarfen nan da ke hana mota tsalle a gargada.

Jinyar mahaifiyarta ta tafi a bara, ta dawo ta tarar an yi wa motarta dogayen ƙafafu. An cusa wasu tubalan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, an ɗaura mata tayoyi masu kaushi da ke gurnani a kan kwalta, ga mutumin a tsaye kusa da ita, baki har kunne, kansa bai ko kai madubin gefe ba. Wai ya yi ne saboda damina, ko ruwa ya cinye hanya za su wuce. Wace hanya? Ita daga sitonta zuwa makarantu da ɗakunan taro take kai kaya, duk a kan titi mai kyau. Gaskiyar maganar ita ce ya faɗa cikin wasu ƙartin banza masu ɗaga motoci, waɗanda ke taruwa a bakin kasuwar kayan mota duk ƙarshen mako suna durƙusawa suna leƙen ƙasan motocin juna. Su suka raɗa masa Sama-Jannati, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Tun daga ranar tirela ba ta sake zama daidai ba. Ƙugiyar ja ta yi sama, tirela ta ɗaga hanci, kujeru na zamewa baya, sai da mai walda ya ƙera wata ƙugiya mai lanƙwasa ƙasa kafin aka iya aiki. Abin da gwanin bai tuna da shi ba shi ne shokzobar baya. Tsofaffin nan da aka yi wa mota mai tsayin mutunci su ya bari, an miƙar da su har ƙarshe, duk ramin da aka faɗa sai a fizge su, har suka tsiyaye mansu suka mutu ba wanda ya sani.

An sani ranar da za a kai kaya bikin yaye ɗalibai. Suna gangarowa daga gada motar ta taka wani tudu, bayanta ya yi sama ya dawo, ya sake yin sama, ya ƙi tsayawa. Tirela ta kama reto hagu da dama, igiya ta tsinke, kujeru suka watse a titi, wata bas ta bi ta kan wasu ta murƙushe. Mai Kujeru da kanta ta shiga tsakiyar hanya da kayan fitarta tana tsintar kujeru, direbobi na danna mata oda suna zagi, iyayen yara kuma suna can tsaye a rana suna jira. Da ta ɗago kai neman mijinta, sai ta hango shi a bayan mota yana shafa bodi da yatsa, yana duba ko fenti ya karce.

Ba asarar kujerun ce ta fi ci mata rai ba. Tana da yaya, babbar mace mai kantin kayan gini, wadda ta daɗe tana ce mata ta karɓi direbanta da tsohuwar motarta a riƙa ja mata kaya, ta huta. Kuma duk taron dangi sai wani ya karkato ya tambaya, a hankali kamar abin tausayi, wai shi maigidan me yake taɓawa yanzu. Ya yi shagon waya ya rufe. Ya yi kiwon kaji suka mutu. Ya yi dillancin filaye, bai taɓa sayar da ko kangon ɗaki ba. Amsa ɗaya ta rage wa Mai Kujeru a duniya, kuma da ƙarfi take faɗarta: "Shi ke jan kayana. Ba don shi ba da sana'ar ta tsaya." In ta karɓe jan tirelar nan daga hannunsa, ba ta da sauran abin da za ta ce wa kowa, har 'ya'yanta. Shi ya sa ta fi shi son a samo shokzobar da ta dace, shi ya sa kuma ta ƙi barinsa ya je shi kaɗai.

Bakanikensu ya riga ya yi musu bayani tun jiya, su biyun a tsaye. "Abu biyu kawai za ku gaya wa mai shago," in ji shi. "Tsayin da aka ƙara mata, da kuma cewa tirela take ja. Zai ba ku doguwa mai tauri. Ba ta da tsada, baƙa ce, ba ta da wani kyan gani. Ku kawo in ɗaura." Baban Auta ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ai ya sani, ai ya sani.

Suna dab da shiga kasuwar sai ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Lafiya?"

"Wani abu nake ji yana ƙara a baya. Ina zuwa."

Ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujera ya dira ƙasa. Ta bi shi da kallo ta madubi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsuguna ya kwance ƙugiyar jan tirela, ya naɗe ta a tsumma kamar wanda ya sato kaza, ya dawo ya cusa ta a bayan kujera. Daga yadda hannunsa ya san notin nan ta gane ba yau ya fara ba.

"Ita ke ƙarar," in ji shi, bai kalle ta ba.

Ta yi tsaki ta mayar da fuskarta taga. Ta san in ta buɗe baki a lokacin ba za a kai kasuwar ba.

Ƙartin nan masu ɗaga motoci suna nan kuwa, kamar an aika musu goron gayyata. Motoci huɗu ko biyar a jere a gaban shagon da ake sayar da shokzoba, kowace ta fi 'yar'uwarta rashin kunya, wata da fitilu a kan rufi kamar filin ƙwallo, wata da shebur ɗaure a gefe wanda bai taɓa ganin ƙasa ba. Masu su na zaune a benci suna shan shayi. Babbansu, wani mai tumbi da sarƙar makullai a ƙugu wanda suke kira Ciyaman, shi ya fara miƙewa.

"Sama-Jannati! An sauko duniya?"

Aka kwashe da dariya, shi ma yana yi, har da dukan cinya. Ya diro daga mota da wani salo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tafawa. Ita kuwa aka bar ta a sama tana laluben ƙasa da yatsan ƙafa, sai da ta sulalo ta baya jakarta na maƙalewa a ƙofa.

"A'a, yau har da uwargida? Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Ciyaman. "Kin zo ganin yadda ake kashe wa amaryarki kuɗi?"

"Na zo dai," in ji ta.

Shagon dogo ne mai duhu, yana warin roba da baƙin mai. Bel-bel da fitilu rataye a rufi, kwalaye har sama, hanya ɗaya ce siririya a tsakiya. Mai shagon tsoho ne mai gilashi a kan hanci, irin mutanen nan da za su sayar maka da igiyar rataye kanka su tambaya ko a naɗe maka. Ya fito ya zagaya motar a hankali, ya danna bayanta da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo ita kaɗai. Ya tsuguna ya auna tubalan ƙarfen da awo. Sai idonsa ya tsaya a kan gurbin ƙugiya, inda ƙarfe ya goge yana ƙyalli, ga soket ɗin fitilar tirela yana lilo a gefe. Ya kalli wurin, ya kalli Mai Kujeru, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Tsayin na gani," in ji shi da suka koma ciki, Ciyaman da mutum biyu sun biyo su da kofunansu. "Saura aiki. Me take yi?"

Mai Kujeru ta juya ta dubi mijinta. Kalma ɗaya ce. Tirela.

"Daji," in ji Baban Auta. "Daji muke shiga da ita. Yashi, duwatsu, kwazazzabai, ka dai gane."

Innalillahi. Mutumin da in ya ga kwatami a ƙofar gida sai ya zagaya ta bayan layi don kada taya ta ɓaci.

"Ba ta jan komai?" in ji tsohon.

"Ja kuma? Haba Baba. Ka dubi motar nan ka ce ja?"

"Ai na ɗauka ita ke kai wa Hajiya kujeru," in ji ɗaya daga cikin masu shayin.

"Ina! 'Yan haya ke kai mata tarkacenta. Wannan ba a sa ta wahala."

Tarkacenta. Ta ji kalmar ta shige ta har ciki. Tarkacen da ya saya masa rigar da ke jikinsa da gilashin da ke fuskarsa, da man da ya kawo su nan.

Tsohon bai ƙara tambaya ba, ya yi nasa ya fita haƙƙi. Ya shiga ciki ya fito da kwalaye, ya baje kaya a kan kanta. Ta farko ruwan ɗorawa ce mai sheƙi, da wani ɗan gwangwani manne a gefenta da tiyo. Masu shayi suka yi "kai!" gaba ɗaya. Ciyaman ya ce irinta ce a tasa motar. Da tsohon ya faɗi kuɗinta, Baban Auta ya yi tari ya ajiye ta a hankali. Ta biyu ita ma ruwan ɗorawa ce, har da gwangwanin, amma ko daga riƙo ka san kwaikwayo ce, ba ta da nauyi, fentin ya taru a wuyanta. Ta uku baƙa ce wuluk, doguwa, ba rubutu ba ado, kamar muciya.

"Shokzoba ba ta ɗaukar kaya," in ji tsohon, yana magana da iska amma idonsa na kan Mai Kujeru. "Sifirin ke ɗauka. Ita aikinta in sifirin ya fara rawa ta ce masa ya isa haka. Ku duba."

Ya kafa kwaikwayon a ƙasa ya danna da hannu ɗaya. Ta nutse sululu ba gardama. Ya kafa baƙar, ya ɗora ƙirjinsa a kai ya danna da duk nauyinsa, da kyar ta sauka, tana turjewa.

"Wannan mai laushin, in mota ba kaya, za ka ji daɗinta a gargada. In ka rataya mata nauyi a baya kuwa, ba ta da bakin magana. Baƙar ta masu ja ce. In ba kaya tana dukan ƙugu, amma tirela ba ta isa ta yi wasa da ita ba. Kuma ta fi araha, ko rabin waccan ba ta kai ba."

"Wannan ai ta motar kwasar shara ce," in ji Ciyaman, yana nuna baƙar da kofi. "Ka sa wannan a ƙarƙashin motarka, Sama-Jannati, kada ka sake ajiye ta kusa da tawa."

Suka sake dariya. Baban Auta ya riga ya rungumi kwaikwayon nan mai gwangwani, yana goge ta da hannun riga.

"Baban Auta, zo ka ga wani abu," in ji Mai Kujeru.

Ta ja shi can ƙarshen shagon, bayan tulin tayoyi, inda ba mai ji. Ta rage murya har ƙasa, don ko a lokacin asirinsa take rufawa.

"Ka ji abin da tsohon nan ya ce. Ka ji abin da bakanike ya ce jiya. Ka koma ka ɗauki baƙar."

"Ki bari mana, ana kallonmu."

"Ba sai ka ce musu komai ba. Ka ce araharta ka bi. Wa zai kwanta a ƙasa yana duba maka launin shokzoba?"

"Kowa! Ke ba ki san abin ba ne. In mota ta ɗagu, daga baya ita ake fara gani. Ai amfanin ɗagawar ke nan."

To, yau dai ta ji amfanin ɗagawar daga bakinsa, ba ruwan damina a ciki. Ta haɗiye abin da ya taso mata, ta sake sauko masa, saukowar da har yanzu in ta tuna take jin kunyar kanta.

"Na ji. Mu sayi baƙar, mu biya wurin mai fenti ya fesa mata ruwan ɗorawa. Ni zan biya."

"Gwangwanin fa? Ciyaman kallo ɗaya zai yi ya gane. So kike a mayar da ni abin dariya?"

"Gobe muna da kaya har sawu biyu, kuma ta gadar nan za a bi. In tirela ta sake reto fa? Wancan karon kujeru aka taka. In mai babur ne a bayanmu?"

"Zan tafi a hankali."

"A hankali kake tafiya ranar."

Ya cire gilashin, ya matso, ya yi ƙasa da murya shi ma. Idonsa ya yi rau-rau irin na yaron da za a ƙwace wa alewa, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Don girman Allah kada ki tona min asiri a gaban mutanen nan. Su fa manyan mutane ne, kowa da harkarsa. In ce musu me? In ce ni direban kujeru ne? Kujerun roba fa, ke ma ki duba. Wannan ai ba aikin da namiji zai faɗa a cikin mutane ba ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara da shekaru tana ɗaga murya a gaban danginta da wannan aikin, tana kare shi da shi, tana ƙara masa gishiri, har ta kan ce shi ke tsara hanyoyi shi ke magana da masu taro, alhali ko lissafin kujerun da ke tirela bai taɓa riƙewa ba. Ashe abin da take tutiya da shi, shi ɓoye shi yake a tsumma. Ta yi zaton za ta ji zafi, ko ta yi kuka, ko ta ɗaga murya shagon ya ɗauka. Ba ko ɗaya. Raini ne kawai ya cika ta, mai sanyi, irin wanda ba ya ko son gardama. Ta ga bai kai ta tona masa asiri ba.

"Ita kake so?" in ji ta.

"Wallahi ita."

"Kuma motar ba ta jan komai."

"Ke dai ki bari mu fita daga nan, ma yi magana a gida."

"Shi ke nan."

Ta koma gaban kanta ta buɗe jaka. "Baba, naɗe masa masu gwangwanin, guda biyu."

Tsohon ya leƙo ta saman gilashinsa. "Hajiya, kin dai ji bayanina."

"Na ji. Mai mota ya ce ba ta ja. Ai shi ya san motarsa."

Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya karɓi kuɗi, ya lasa yatsa. Masu shayi suka yi ta sa mata albarka. Ciyaman ya ce wallahi Sama-Jannati ya yi dace, shi tasa matar ko kuɗin wankin mota ya nema sai an yi shari'a. Baban Auta ya kumbura ya cika shagon, yana cewa ai ita haka take, ba ta son ganin ransa a ɓace. Har ya kai hannu zai dafa kafaɗarta, ta goce kamar za ta gyara mayafi.

Ta bar su suna buɗe kwali suna shinshina sabon fenti, ta fito waje. Rana ta take, ƙarar guduma da injin walda ta cika layin. Ta matsa inuwar wani shagon batir, ta fito da waya. Ta daɗe tana kallon lambar kafin ta danna, don ta san daga wannan kiran ba komowa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya na ji hayaniya, ina kike?"

"Kasuwa. Yaya, direban nan naki da kika ce, da motar. Har yanzu suna nan?"

Mai Kujeru ta dafe bango tana jiran dariyar, ko "ai na gaya miki", ta ma shirya amsar da za ta mayar.

"Suna nan," in ji yayar. "Na yaushe?"

"Daga gobe."

"Zuwa yaushe?"

"Kullum."

Sannan yayar ta ce, a hankali, da muryar da ba ta yi mata magana da ita ba tun suna yara, "To. Zai zo da sassafe. Sannu, ƙanwata. Sannu kin ji."

Da dariyar aka yi mata da ta fi sauƙi. Wannan sannun ita ta sa ta kashe wayar ba sallama, ta tsaya tana kallon tulin matattun batira har idonta ya washe.

Sai ga shi ya fito, kwali ɗaya a kowace hammata, yana tafe yana rangaji.

"Kin gan su? Bari a ɗaura ki gani, sai an riƙa tsayar da mu a hanya. Yanzu mu wuce gareji, in ya so gobe da asuba sai mu yi lodi. Ƙarfe nawa kika ce wa masu taron?"

"Ka yi barcinka gobe, Baban Auta. Ba sai ka tashi ba."

Ya yi dariya. "Yau kuma ni ake lallaɓawa? To wa zai ja?"

"Direban Yaya."

"Na goben kawai? Ai kafin gobe an gama ɗaurawa."

"Na goben, da na jibi, da na gaba. Motar taka ce, na bar maka. Ka shiga daji da ita."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta sauka ba. Ya dube ta, ya dubi kwalayen, ya waiga wajen shagon, ya sake dubanta. Ɗaya kwalin ya fara zamewa, ya tare shi da gwiwa.

"Ki tsaya. Ai sai a mayar, a karɓo baƙar. Yanzu ma sai in shiga in ce..."

"Ka ce me?"

Ya buɗe baki. Ta ba shi lokaci, Allah ya sani ta ba shi, tana tsaye a rana tana kallon leɓensa. Ƙofar shagon ga ta nan, taku kaɗan, tsohon na zaune a bayan kanta, Ciyaman na tsaye a bakin ƙofa yana sakace. Baban Auta ya kalli Ciyaman. Ƙafarsa ba ta motsa ba.

"To ni fa?" in ji shi, muryarsa ta yi ƙanƙanta. "In an tambaya me nake yi?"

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. Kuma gaskiya ta faɗa.

"Sama-Jannati!" Ciyaman ya ƙwalo kira. "Kawo su nan mu gwada a ido mana, ka tsaya soyayya a rana!"

Mai Kujeru ta ɗaga wa wata tasi hannu, ta tsaya. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Je ka," in ji ta ta taga. "Ana kiranka."